Tambayoyin Masu Karatu: Sabon Gida a Kan Laka, Bango Ya Fara Tsagewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, shekara biyu ke nan da muka tare a gidan da na gina a kan ƙasar laka, irin wadda take darewa da rani, ta yi danƙo da damina. Tun ranin farko tsaga ta taso daga kusurwar tagar falo ta yi sama a karkace, ƙofa ɗaya kuma ta daina rufuwa sai an danna ta. Magini ya toshe tsagar da siminti, damina ta wuce lafiya, amma da rani ya dawo sai ta sake buɗewa a wurin. Yanzu an ce mini sai an haƙa an ƙara wa gidan harsashi gaba ɗaya. Shin gidan zai faɗi ne, kuma da me zan fara? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, domin da wuya irin wannan tsaga ta kayar da gida, kuma yadda take buɗewa da rani ta rufe da damina ya riga ya nuna mana inda matsalar take. Wata laka tana ɗauke da ma'adinin da ake kira montmorilonait, wanda ya samo sunansa daga garin Montmorillon na Faransa, kuma halinsa shi ne ya sha ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Da a ce ƙasar da ke ƙarƙashin gidan tana kumbura tana tsukewa bai ɗaya, da gidan ya ɗaga ya sauka ba tare da ya tsage ba. Abin da ke fasa bango shi ne wani gefe ya jiƙe alhali wani yana bushewa.

Wannan ne ma ya sa sabon gida ya fi fuskantar matsalar. Kafin ka yi gini, rana da ruwan sama suna samun filin daidai wa daida. Da ka rufe shi da daɓe da rufi, sai tsakiya ta riƙe danshinta, bakin harsashi kuwa ya ci gaba da jiƙewa da bushewa, kuma yakan ɗauki shekaru kafin ƙasar ta daidaita. Idan aka haɗa da cikon da ba a danne shi sosai ba, da ruwan rufi mai zuba a gindin bango, ka ga an tara dalilai. Rufi mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 10 kacal, lita 1,000 yake zubarwa, kuma sau da yawa a kusurwa ɗaya ko biyu take sauka.

Kafin ka kashe kuɗi, ka san irin tsagar da kake da ita. Siririn layi kamar gashi a jikin filasta, wanda bai ratsa bulo ba, bushewar siminti ce, kusan kowane sabon gida yana yin ta. Tsagar harsashi kuwa takan bi karkace kamar matakala, ta fito ciki da waje, ta fi son kusurwar taga da ƙofa. Idan ta fi faɗi a sama, galibi gefen gidan ne yake sauka. Idan ta fi faɗi a ƙasa, gefen ne ya ɗaga ko tsakiya ta nutse. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, wadda ake kira BRE, ta kasa tsaga bisa faɗinta: har zuwa milimita 5 gyaran ado ne, daga 5 zuwa 15 sai an buɗe an gyara bango, daga 15 zuwa 25 ɓarna ce mai yawa, abin da ya haura 25 kuwa yana iya taɓa tsayuwar ginin. Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ka rubuta kwanan wata, ka riƙa auna faɗinta a wuri ɗaya kowane wata har shekara ta zagayo. Amma idan ta kai milimita 15, ko tana ƙaruwa ba ruwanta da rani ko damina, ko bango ya karkata, ko linta, wato kankaren da ke saman ƙofa ko taga, ta tsage, kada ka jira, ka kira injiniyan gini nan take.

Gyaran farko na ruwa ne, kuma shi ne mafi arha. Ka sa indararo da bututu su kai ruwan rufi nesa da gida, ka gyara gangaren ƙasa ta yadda za ta sauka kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga bango, sannan ka zuba daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya ko fiye kewaye da gidan. Ka binciki bututun ruwa da na bayan gida, domin yoyon da ba a gani yakan jiƙa kusurwa ɗaya shekara da shekaru. Hanya mai sauƙi ita ce ka rufe duk famfunan gida, ka duba ko mitar ruwa tana tafiya ko ruwan tanki yana raguwa.

Batun ƙara harsashi kuwa, ni ban ga dalilin farawa da shi ba. Aiki ne da ake yi bayan an gwada ƙasa, an kuma tabbatar motsin bai tsaya ba duk da an gyara ruwa. Ana haƙa shi ne gaɓa-gaɓa, kamar mita ɗaya, a tsallake na kusa har sai kankaren ya yi ƙarfi, ko kuma a kafa ginshiƙai su wuce zurfin da danshi ke canzawa. Wanda ya haƙe gefen gida baki ɗaya a lokaci guda yana iya jawo rushewar da ake gudu, kuma ƙarfafa kusurwa ɗaya kaɗai yakan sa tsaga ta koma inda sabon harsashi ya haɗu da tsohon. Toshe tsagar shi ne na ƙarshe, bayan awonka ya nuna ta tsaya, kuma ka ga da idonka abin da ya sa siminti bai riƙe ba a karon farko.

TAMBAYA: Malam, akwai babbar bishiya kusa da bangon gidana da ya tsage. In sare ta ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, kada ki yi gaggawa. Gaskiya ne bishiya tana zuƙe ruwan laka har ƙasa ta tsuke, kuma a farin da aka yi a Ingila a 1976 gidaje masu yawa da ke kan laka sun tsage, musamman na kusa da bishiyoyi. Shi ya sa ake ba da shawarar a dasa bishiya nesa da gida gwargwadon tsayin da za ta kai idan ta girma. Sai dai idan bishiyar ta girmi gidan, sare ta yakan sa ƙasar da ta daɗe a bushe ta fara shan ruwa tana kumbura tsawon shekaru, ta ɗaga harsashi, kuma wannan ya fi saukar harsashi wuyar gyara. Idan ke kika dasa ta bayan gini, cire ta tun tana ƙarama ba shi da haɗari sosai. Idan kuwa kin tarar da ita ne, a rage mata rassa a kai a kai, ko a haƙa rami tsakaninta da gida a sa shingen da zai tare saiwa, kuma injiniya ya ga wurin kafin a ɗora mata gatari.