Tsohon sakkin gida na takarda: yana da sauran amfani bayan hukuma ta koma kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gida a Makka, kuma abin da ke hannunmu shi ne tsohon sakki, wato takardar shaidar mallakar gida, da aka rubuta da hannu tun kafin a haife ni. Da muka tashi rabon gado sai aka ce mana dole a fara mayar da sakkin na lantarki. Shin takardar tamu ta tashi aiki ke nan? Idan kuma abin da ke cikin kwamfuta ya saɓa da na takarda, wanne za a bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Takardarku ba ta tashi aiki ba, kuma kada ku yi sakaci da ita, domin ita ce za ta kai ma'aikaci ga asalin rubutun da ke wurin hukuma. A tsarin kotunan Saudiyya da ofisoshin katibul adli, wato masu rubuta takardun mallaka da tabbatar da su a hukumance, sakkin da ake miƙa wa mai gida yana da takwara a cikin babban littafin rajista da ake kira sijilli, kuma lambar sakkin da kwanan watansa da sunan ofishin da ya fitar da shi su ne ke nuna inda za a buɗe.

Gwamnati ta kafa shirin Yesser a 2005 don mayar da ayyukanta na lantarki, sannan dokar mu'amalolin lantarki ta 2007 ta ba rubutu da sa hannu na kwamfuta ƙarfin doka. Sai dai wannan doka ba ta haɗa da al'amuran iyali da fitar da sakkin filaye da gidaje ba, ta ce sai hukumar da abin ya shafa ta ba da izini da nata sharuɗɗa. Daga baya Ma'aikatar Shari'a ta buɗe hidimar sabunta sakki ta dandalinta na intanet mai suna Najiz, kuma dokar hujjoji da ta fara aiki a 2022 ta ɗora hujjar lantarki a matsayin rubutacciyar hujja.

Mutane da yawa suna zaton aikin bai wuce ɗaukar hoton takarda a zuba a kwamfuta ba, alhali hoto shi ne mafi sauƙin ɓangarensa. Abin da ke mayar da hoto rajistar da za a dogara da ita shi ne bayanan da ake ɗaura masa: lambar katin ɗan ƙasa ta mai gida, faɗin fili da mita, iyakokinsa, da tarihin duk wanda ya taɓa rubutun da ranar da ya taɓa shi. A nan ne tsofaffin sakkoki ke ba da wahala, musamman na iyalanmu da suka daɗe a Jarwal ko Misfala ko Hindawiyya. Za ka ga an auna fili da zira'i, wato kamu, an ce daga gabas ya yi iyaka da gidan wane, alhali gidan wanen ya daɗe da rushewa. Za ka ga an rubuta mai gida da laƙabin Takaruni, a katinsa kuma Hausawi, ko an tsallake sunan kaka, kuma babu lambar nan mai alƙaluma 10 da kwamfuta ke gane mutum da ita. Tsohon magatakarda da ya san unguwa yana iya gane cewa mutum ɗaya ne, na'ura kuwa sai an kawo mata shaida. A ganina wannan tsaurin alheri ne duk da jinkirinsa, domin shi ne ke rage fitar da sakki biyu a kan fili ɗaya.

Game da saɓani, da zarar sakkin lantarki ya fito, da shi ofisoshi za su yi aiki wajen sayarwa ko jingina ko rabon gado. Wannan ba ya nufin kuskuren da ma'aikaci ya yi wajen shigar da bayani ya zama gaskiya. Ana neman gyara, kuma wajen gyaran ana komawa ga sijilli da tsohuwar takarda. Saboda haka ku karanta sabon sakkin layi bayan layi ranar da ya fito, ku gwada suna da faɗi da iyakoki huɗu da na tsohon, tun kafin a gina rabon gado a kansa, domin gyara bayan an raba ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Kafin ku fara, ku fitar da sakkin tantance magada, sannan magada su wakilta mutum ɗaya da wakala ta hukuma. Ku ɗauki hoton takardar gaba da baya, har da rubuce-rubucen gefe da na bayanta, tunda a nan ake rubuta sayarwa ko jingina da suka biyo baya. Idan ma'aunin na zira'i ne, ku shirya wa buƙatar awo daga ofishin injiniya mai lasisi. Kada ku liƙe takardar da roba mai zafi, domin tana iya ɓata tawada da hatimi, kuma kada ku ba wani dillali lambar sirrinku ta Absher, dandalin hidimomin gwamnati na intanet, ko ku amince masa ta Nafath, manhajar tabbatar da mai shiga, da sunan zai gaggauta muku aiki, domin duk abin da aka yi da ita da sunanku za a rubuta shi.