Dashen tumatir ya yi yaushi? Tone saiwar ka duba

"Maigida, na dasa tumatir gindi 40 a bayan gida kusa da rijiya. Kowane rami sai da na zuba masa tafin kashin kaji daga akurki, kuma ina ba su ruwa da safe da azahar. Yau kwana biyar, fiye da rabi sun yi yaushi sun kwanta. Irin ne ba shi da kyau, ko ruwan ne bai ishe su ba?"

Ɗana, kada ka ɗora wa iri laifi. Irin da ya tsiro har ya kai dashe ya fita hakkinka. Kada kuma ka ƙara ruwa tukuna. Ɗauki fartanya ka je wurin guda uku daga cikin waɗanda suka kwanta, ka tono su da ƙasarsu, ka wanke saiwar a bokiti, ka duba da kyau. Ganye ba ya faɗa maka komai sai dai cewa shukar na shan wahala. Dalilin wahalar yana ƙarƙashin ƙasa.

Saiwa mai lafiya fara ce, da ƙananan gashi a jikinta. In ka ga ta yi ja-ja ko baƙi daga bakinta, gashin ya kakkaɓe, ka matsa ta da yatsa ta saɓule, to taki ne ya ƙone ta. Bisa abin da ka faɗa min, nan na fi zato. Ɗanyen kashin kaji ya fi kowane takin gida zafi. Wannan warin da ke hawa maka hanci in ka shiga akurki, shi ne ke cin saiwa, ga kuma gishirin da ke cikinsa yana janye ruwa daga jikin shuka. Shi ya sa za ka ga ƙasa jiƙe sharkaf amma tumatir yana yaushi. Kai kuma ka zuba shi a ramin, ka ɗora saiwar da aka tsinka jiya-jiya a kansa.

Amma ka duba sauran alamun, don ba kowane yaushi ne na taki ba. In karan ya tsuke daidai inda ya haɗu da ƙasa, ya yi siriri ya jiƙe, ruɓewa ce ta yawan danshi, kuma galibi tun daga wurin reno take biyo shi. In ka wayi gari ka tarar an datse karan daga gindi, shukar na kwance gefe ganyenta kore shar, tona ƙasar da yatsa a zagayen gindin, za ka samu tsutsa mai ruwan toka ta naɗe jikinta. Da dare take fitowa. In saiwar ta yi ƙulle-ƙulle, ƙananan tsutsotsin ƙasa ne da ido ba ya gani, kuma sun fi yawa a jigawar da aka daɗe ana maimaita tumatir, kuɓewa ko gauta a cikinta. In kuwa shukar ta yi yaushi gaba ɗaya, ganye bai yi rawaya ba, saiwa kuma ba ta nuna komai ba, yanke karan daga ƙasa ka tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garai, ka riƙe shi ba motsi na ɗan lokaci. Ka ga wani farin abu yana zirarowa daga bakin yankan? To cuta ce, kuma ba ta da magani. Tuge shukar ka ƙone ta, kada ta shiga ramin taki, kuma ka yi shekara uku ba ka sa tumatir, tattasai, attarugu ko gauta a wurin ba. Sa albasa ko masara.

Yanzu waɗanda suka rage. In taki ne, yi musu ruwa mai yawa sau ɗaya da yamma, ya ratsa ƙasa sosai ya wanke zafin zuwa ƙasa, sannan ka soka ɗan reshe mai ganye ta gefen yamma na kowane gindi ya tare rana. Wanda ya miƙe cikin kwana uku ya tsira. Wanda bai miƙe ba cire shi, ka kwashe ƙasar ramin duka, ka cika da wata, in kana da ragowar dashe ka cike gurbin kafin kwana goma, don kada su bambanta da 'yan uwansu a girma.

Maganar taki kuwa zan tsaya a kanta, domin duk lambun da za ka yi a gidan nan a kanta ya dogara. Taki sai ya ruɓe ake ba shuka. Haƙa rami a inuwa, nesa da rijiya, taku goma sha biyar ko fiye, don ruwansa kada ya tsiyaya cikin ruwan sha. Faɗi mita ɗaya, tsawo mita ɗaya ko biyu, zurfi zuwa gwiwa. A ƙasan ka shimfiɗa yankakken kara, sai busasshiyar ciyawa da ganye da ƙaiƙayi kaurin taƙi guda, sai kashin dabbobi kaurin yatsa huɗu, sai ka barbaɗa toka kaɗan da ƙasa, ka yayyafa ruwa. Haka za ka yi ta jerawa har ramin ya cika ya yi tozo, ka rufe da tsohuwar zana. Ruwan da ake so shi ne wanda in ka damƙi takin a hannu zai dunƙule, amma ba zai ɗiga ba. Soka sanda a tsakiya ka bar ta. Bayan kwana huɗu ko biyar zaro ta ka taɓa. In da ɗumi, aiki na tafiya. In ta fito da sanyi a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In ta fito da wari da yauƙi, ruwa ya yi yawa, sai ka ƙara busasshiyar ciyawa ka juya. Duk mako biyu ka juye shi, na sama ya koma ƙasa. Wata biyu zuwa uku zai nuna: ya yi baƙi, yana marmashewa, ba ka iya gane kashin tunkiya daga na kaza, ƙamshinsa irin na ƙasar da ruwan farko ya daka. Wannan ɗumin da ya yi a rami shi ke kashe yawancin irin ciyawar da ke cikin kashin dabbobi. Taki mai sauran kara da bai ruɓe ba kuwa gara yake kirawo maka.

In ba ka da nunannen taki a yanzu, je tsohon juji ko turken da aka tashi tun bara, ka tono daga ƙasa, ka tankaɗe leda da kwalba da batir. Bokiti ɗaya ya ishi fili mita ɗaya a mita ɗaya. A gauraya shi da ƙasa zurfin bakin fartanya, a jiƙa, a bar shi mako biyu kafin dashe. Ba a cusa shi a ramin shuka.

Bayan gidanku jigawa ce, tana shanye ruwa nan da nan, don haka da rani fangali za ka yi, mai ɗan zurfi da gefe a ɗage, faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya don hannunka ya kai tsakiya ba tare da ka taka ciki ba. Kunya ta damina ce, ko wurin laka inda ruwa ke kwanciya.

Sai reno, in ba ka da ragowar dashe za ka sake zuba iri don cike gurbi. Kada ka watsa shi. Ja layi da yatsa, zurfi santimita 1, tsakanin layi da layi santimita 10, ka zuba sama-sama, ka rufe da ƙasa mai laushi, ka lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Cikin kwana biyar zuwa bakwai zai tsiro, kuma ranar da ka ga ya fara huda ƙasa ranar za ka ɗage ciyawar ka mayar da ita 'yar rumfa. In ka bar ta kwana biyu a kansu, sai su yi tsawo su yi fari, ba ƙarfi. Inda suka cunkushe ka rage, ko da kana jin asara, don cunkoso da danshi su ke kawo ruɓewar gindi. A makon ƙarshe ka cire rumfar, ka rage ruwa, su saba da rana tun suna gida. Wannan mataki shi yawancin masu koyo ke tsallakewa, sai su ɗauko shuka daga inuwa su kai ta tsakar rana.

Lokacin dashe mako uku zuwa huɗu ne bayan tsiro, sa'ad da shukar ke da ganye huɗu zuwa shida, tsawonta santimita 12 zuwa 15. Wadda ta fara fure a wurin reno ta tsufa, ba za ta ba ka abin kirki ba. Jiƙa wurin renon sosai awa guda kafin ka fara, ka ɗago kowace da ƙasarta da tsohon cokali ko bakin wuƙa, kada ka fizga. Dashe bayan la'asar ake yi, don ta samu dare guda na sanyi. Binne karan har kusa da ganyen farko, domin tumatir yana fitar da sabuwar saiwa daga jikin kara. Danna ƙasar da yatsu, ka ba ta ruwa nan take. Tsakanin gindi da gindi santimita 50, tsakanin layi 60.

Ban-ruwan azahar ɗin nan ka daina shi. Wani kasonsa iska ke kwashewa, kuma ka saba wa saiwa zama a sama. Makon farko safe da yamma, misalin lita ɗaya ga kowane gindi, a gindin, ba a kan ganye ba. Daga nan sau ɗaya a rana, amma ya ratsa. Kafin ka zuba, soka yatsa zuwa gaɓa ta biyu: in da danshi, bari sai gobe. Shimfiɗa buntu ko busasshiyar ciyawa a fangalin, ka bar tazarar yatsa biyu daga kara, za ka rage jan guga sosai. Ruwan wanki mai omo kada ya shiga. Kuma in 'ya'ya suka fara, kada ka yi yau ruwa gobe babu, don shi ke sa gindin 'ya'yan ya yi baƙin tabo ya lotsa, wasu kuma su tsage.

In kana da halin takin zamani, mako biyu bayan dashe ka ba kowane gindi cikin murfin kwalba ɗaya na NPK 15-15-15, nesa da kara yatsa huɗu, ka binne ka ba ruwa. Yuriya kuwa ka yi hattara da ita. Ta yi yawa, sai ka samu ganye luf-luf, 'ya'ya ƙalilan.

Ka kuma lura da kalanda. Tumatir na son sanyin dare, shi ya sa manoman Kadawa ta jihar Kano da sauran wuraren noman rani suke cin kasuwarsa da hunturu. Zuba iri a Oktoba, dashe a Nuwamba, tsinka daga Janairu. In ka makara har furensa ya faɗa zafin Maris da Afrilu, fure zai yi ta zubewa, ba kuwa taki ko ruwan da zai hana. Irin UC82B da Roma VF sun saba da yankinmu, 'ya'yansu na da tauri, suna jure ajiya. Wanda ka matse daga tumatir ɗin kasuwa ba ka san asalinsa ba, in na aure ne, wato wanda aka haɗa iri biyu aka samar, ba zai fito kamar uwarsa ba.

Akwai tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina a 2016. Cikin ganye take shiga, ta cinye tsokar ta bar fatar fara fes, in ka ɗaga ganyen ga rana za ka hango ta da baƙin kashinta. A ɗan lambu irin naka hannu ya fi komai: duk safiya ka juya ganye, wanda ka ga ta shiga ka tsinke ka binne da zurfi ko ka ƙone. Sannan ka daka busassun 'ya'yan darbejiya rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka fesa da yamma sama da ƙasan ganye, duk mako. Ba ya ƙarar da ita, amma yana rage ta, yana kuma rage farin ƙudan da ke kawo cutar nannaɗewar ganye.

Ban ji ka ambaci danga ba, kuma da kaji a gidan. Kafa ta kafin ka cike gurbi. Karan dawa a tsaye, a matse, tsayi ya kai ƙirji, a ɗaure da tanka biyu, sama da ƙasa. A gindinta ka jera ƙayar magarya, don kaza ta ƙasa take kutsawa, akuya kuma da goga jiki take kayar da danga. Ɓangaren arewa maso gabas ka ninka karan, daga nan iskar hunturu ke bugowa tana busar da fangali. Maimakon dirka ka yanko rassan zogale masu kaurin hannu, tsawon mita ɗaya da rabi, ka binne kashi ɗaya cikin uku, tazarar mita biyu-biyu. Ka riƙa ba su ruwa kaɗan in kana ban-ruwa za su kama, amma in sun kai tsayin mutum ka riƙa sare kansu, kada su yi wa tumatir inuwa.