Ba ya cin abinci, mun tsayar da insulin, ga ƙafa ta kumbura

Tambaya: Likita, mahaifinmu mai ciwon suga ne, yana kan allurar insulin. Ciwo ya fito masa a babban yatsan ƙafa, yanzu ƙafar ta kumbura. Tun shekaranjiya yake amai, ba ya cin komai, sai muka tsayar da allurar don kada sugansa ya faɗi. Yau yana jan numfashi da ƙarfi, ga yawan barci. Mu jira aman ya lafa?

Amsa: 'Yar'uwa, babu jira, ku kai Baba sashen gaggawa yanzu. Amai, jan numfashi mai zurfi da gyangyaɗi alamun DKA ne, wato tsamin jini mai haɗari da ƙarancin insulin ke jawo wa mai ciwon suga. Ki sunsuna bakinsa, ƙila ki ji wari irin na ruwan goge jan farce.

Wannan magana ta "tunda bai ci ba, a bar allura" ta ishe ni. Kullum sai na ji ta, wani lokaci daga bakin masu saida maganin da ba su taɓa auna sugan kowa ba, wani lokaci daga masu tallar "warkewa har abada" a Facebook. Ko mutum bai sa komai a baki ba, hanta na ta zuba suga cikin jini, kuma zazzaɓi da ƙwayoyin cuta suna ƙara ingiza ta. Buƙatar insulin ƙaruwa take yi a lokacin rashin lafiya. Da aka yanke ta, jiki ya koma ƙona kitse, sinadarin ketone ya taru, jini ya yi tsami. Tsoron faɗuwar suga? Ai na'urar awo na nan, a auna duk bayan awa 3 ko 4. Likita zai iya rage adadin allurar, amma dakatar da ita gaba ɗaya ganganci ne.

Kada kuma ku rama da allura mai yawa a gida. A asibiti ana fara ƙarin ruwan gishiri, kusan lita ɗaya a awar farko, a auna potassium, wani sinadari na cikin jini, kafin a saki insulin ta jijiya, domin insulin na janyo shi ƙasa har zuciya ta iya tsayawa.

Ita ƙafar, da alama ita ce mafarin. Suga ya kashe jijiyoyin ji, shi ya sa ciwo ke ruɓa mai shi bai san zafi ba, ga ƙarancin ruwa a jiki na rage jinin da ke kaiwa yatsu. Ki cire safar ki nuna wa likita da kanki, kada hankali ya tafi kan amai kawai. Ban da gashi da ruwan zafi, ban da reza. Idan an kwantar da shi, a sa filo ƙarƙashin ƙwaurinsa don dugadugai kada su gogi katifa.