Ɗan majalisa da ƙudirin wiwi: ina hatsarin yake?

Barista, ni ɗan majalisa ne, kuma wannan ne zangona na farko. Wani abokin aikina ya kawo ƙudirin sassauta dokar tabar wiwi, ya nemi in sa hannu cikin masu mara masa baya. A raina na gamsu cewa cika gidajen yari da samari saboda ɗan ƙulli bai rage shaye-shaye ba. Amma gabana na faɗuwa. Za a iya gurfanar da ni? Kujerata fa? Don Allah a sakaya sunana.

Ranka ya daɗe, tambaya biyu ka haɗa, kuma ta farkon ta fi sauƙi.

Neman a canza doka ba karya doka ba ne, aikin da aka zaɓe ka dominsa ke nan. Abin da ka faɗa a zaure ko a kwamiti, da ƙuri'ar da ka kaɗa, suna da kariya a akasarin ƙasashen da ke da majalisa. Tsohuwar ƙa'ida ce, tana cikin dokar haƙƙoƙi ta Ingila tun 1689, kundin tsarin mulkin Amurka ma ya ɗauke ta. Sai dai iyakar kariyar ita ce aikin majalisa. A wajen taro kana da 'yancin cewa dokar ba ta yi ba, amma kar ka ce wa jama'a su shuka ko su sha tun ba a canza ta ba. In kuma aka kama ka da wiwi a mota, muƙaminka ba zai hana a tuhume ka ba.

Inda 'yan siyasa suka fi faɗawa hannun hukuma a wannan harka shi ne kuɗi. Da zarar an halatta, lasisi ya zama zinariya. Jasiel Correia, tsohon magajin garin Fall River a jihar Massachusetts, kotu ta same shi da laifi a 2021, ciki har da tatsar masu neman izinin buɗe shagunan wiwi, aka ɗaure shi shekara 6. Saboda haka in kai ko matarka ko ƙaninka kuna da hannun jari a kamfanin da zai amfana, ka bayyana a rubuce kafin muhawara. Gudummawar kamfe daga irin waɗannan kamfanoni kuwa, ko doka ta yarda, ni dai ba zan karɓa ba.

Kujera ita ce babbar magana, kuma a nan babu sashen dokar da zan buɗe maka ya tsare ka. Kiranye yana nan a wasu ƙasashe, amma da wuya ya kai gaci. A Najeriya, alal misali, sashe na 69 na kundin tsarin mulki ya ce sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Wanda ya kamata ka ji tsoro shi ne zaɓen fid da gwani, inda mutum ɗari kaɗan za su iya raba ka da tikiti ba tare da sun ba kowa dalili ba. Dubi Maroko a 2021. Gwamnatin da jam'iyyar PJD ke jagoranta ce ta kai ƙudirin noman wiwi don magani da masana'antu, amma 'yan majalisar jam'iyyar suka ƙi shi, tsohon firaminista Abdelilah Benkirane har ya jingine zamansa ɗan jam'iyya. Daga cikin gida wutar ta taso.

Ba kowa ta ci ba, gaskiya. José Mujica, shugaban Uruguay na lokacin, ya sa hannu a dokar halatta wiwi a 2013 alhali fiye da rabin jama'a ba sa so, kuma jam'iyyarsa ta sake cin zaɓe a 2014. Justin Trudeau, tsohon firaministan Kanada, ya yi alkawarin halatta ta a kamfen 2015, dokar Kanada ta fara aiki ranar 17 ga Oktoba 2018, ya dawo mulki a 2019. Abin lura shi ne, su biyun ba su taɓa tallata ta a matsayin abin more rayuwa ba. Cewa suka yi za su ƙwace kasuwa daga hannun miyagu, su nisanta ta da yara. Tailan kuwa ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a Yunin 2022 ba tare da cikakkiyar doka ba, shaguna suka cika tituna, jama'a suka koka, a 2025 aka koma neman takardar likita.

To, mafita. Fara da karanta ƙudirin layi-layi, domin abu uku ne ake kira da suna ɗaya: cire ɗauri ga wanda aka kama da kaɗan, yarda da ita don magani da masana'antu, da buɗe kasuwa ga kowane baligi. Daga wasiƙarka, na farkon ne ke ranka. In ƙudirin ya wuce nan, kana iya kawo gyara, ko ka gabatar da naka a kan rage hukunci da kai masu shaye-shaye asibiti. Na biyun yana da madogara, tunda a Disambar 2020 hukumar kula da miyagun ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire wiwi daga rukunin mafi hatsari, da ƙuri'a 27 a kan 25. Na ukun har yanzu yana karo da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, kuma abokan hamayyarka za su tuna maka.

Ka dage a saurari ra'ayin jama'a, a kuma yi muhawara a kan kowane sashe. A Ghana, Kotun Ƙoli ta soke sashe na 43 na dokar miyagun ƙwayoyi ta 2020, wanda ya yarda da noman nau'in da bai wuce kashi 0.3 na sinadarin maye ba, saboda ba a bi ƙa'idar majalisa wajen shigar da shi ba. Sai a 2023 aka sake zartar da shi.

Kana kuma da damar yin shiru. Jacinda Ardern, firaministar New Zealand ta lokacin, ta ƙi faɗin matsayinta har aka gama ƙuri'ar raba gardama kan halatta wiwi a 2020, daga baya ta ce "e" ta zaɓa. An zarge ta da noƙewa, amma ta ci zaɓenta. Sa hannu a matsayin mai mara baya daban yake da kaɗa ƙuri'a ranar ƙarshe, don sunanka zai hau takarda tun kafin ka san yadda kwamiti zai sauya ta. Kafin ka sa, nemi kundin jam'iyyarku ka duba babin ladabtarwa, sannan ka ji daga bakin shugaban masu tsawatarwa ko za a bar kowa ya bi ra'ayinsa a wannan ƙuri'a.