Me ya sa akanta ya rage wa firizata kuɗi alhali a kasuwa tsada ta ƙara?

Tambaya: Salam Malam. Ina da kantin kayan masarufi, na je neman rancen banki suka ce in kawo balans shit, wato takardar da ke nuna kadarorin kantin da bashin da ke kansa, sai na sa akanta ya haɗa min. Firizar da na saya miliyan ɗaya shekara uku da suka wuce ya rubuta ta dubu 400, kuma yau ko miliyan biyu ba za ka samu irinta ba. Sannan shinkafa da man da suka cika shagon bai sa su cikin kadarori na dindindin ba. Anya bai cuce ni ba kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kwantar da hankalinka, akantanka bai cuce ka ba, ƙa'idar aikin ya bi, amma dai gaskiya ya kamata ya zaunar da kai ya yi maka bayani kafin ya miƙa maka takarda.

Ka fara raba kayan shagonka gida biyu. Akwai abin da ka saya don ka sayar, shinkafa, mai, taliya, madara, sabulu, wannan ita ce haja, yau tana nan gobe ta zama kuɗi, shi ya sa ake sa ta cikin kadarorin da ke juyawa tare da tsabar kuɗi da bashin da kake bin mutane. Akwai kuma abin da ka saya don ka yi aiki da shi fiye da shekara ɗaya ba don sayarwa ba, firiza, firij, kantoci, janareta, sola da batiranta, kwamfutar kashiya, motar ɗauko kaya, ginin kansa in naka ne. Waɗannan su ne kadarori na dindindin. Niyya ce ke raba su. Firiza a wurin mai sayar da firizoji haja ce, a wurinka kuwa kayan aiki ce.

To yanzu batun dubu 400 ɗin. Akanta ba farashin kasuwa yake rubutawa ba, kuɗin da ka saya yake ɗauka, har da kuɗin dako da na kafawa, sai ya kintata shekarun da abin zai yi yana aiki ya raba kuɗin a kansu. Da alama naka shekara 5 ya ba ta, wato dubu 200 duk shekara, shekara uku dubu 600 kenan, saura dubu 400. Wannan dubu 200 ɗin tana shiga cikin kuɗin da aka kashe a shekarar tana rage riba, tamkar kuɗin haya ko albashin yara, duk da ba wanda ka ƙirga wa ita a hannu. Fili ne kawai ba a yi masa wannan ragin saboda ƙasa ba ta tsufa, gini kuwa ana yi masa amma a hankali, kan shekaru masu yawa. Ƙa'idar duniya da ake kira IAS 16 ta yarda a sake kimanta kadara da farashin yau, amma sai an yi wa duk ajin kayan gaba ɗaya kuma a riƙa maimaitawa, mutane sun fi yin haka a kan fili da gini, kan firiza ɗaya wahalar ta fi amfanin.

Abin da ya fi damuna da lissafinka ma ba wannan ba ne. Kai da bakinka ka ce sabuwa ta haura miliyan biyu. In dubu 200 kawai kake ɗauka a matsayin tsufan firizar, ranar da kwamfiresa ta mutu murus za ka tarar ko da ka tara kuɗin ma rabin sabuwa kawai za su saya, balle kuma akasari ba a tarawa, an ɗauka riba ce an yi hidimar gida da ita. Na sha ganin shago ciniki na tafiya lafiya lau amma janareta na lalacewa sai a taɓa uwar kuɗi. Don Allah ka buɗe asusu daban ka riƙa zuba wani abu duk wata bisa farashin yau ba na shekara uku baya ba.

Kadara kuma takan faɗi ƙasa da abin da ke rubuce, ba kullum take hawa ba. Kamfanin Tesco na Ingila a 2015 ya bayyana asarar fam biliyan 6.4, kuma kaso mafi girma ba daga sayar da kaya ya fito ba, daga rage darajar manyan shagunansa ne a takarda, don cinikin da suke kawowa ya daina kai kuɗin da aka rubuta su. Haka kai ma in ka kashe kuɗi ka ƙawata reshe a unguwar da ba masu saye, dole wata rana a rage darajarsa a takarda.

In shagon haya ne ginin ba naka ba ne, amma tayil da silin da wayarin da ka yi da kuɗinka ana iya sa su cikin kadarori na dindindin, a raba kuɗinsu kan shekarun hayar. Manyan kamfanoni tun 2019 ƙa'idar IFRS 16 ta sa suna nuna haƙƙin zama a shagon haya cikin kadarori, bashin hayar kuma a ɓangaren basussuka.

Su banki abu biyu za su duba, me za su iya riƙewa jingina, a nan takardun fili sun fi firiza goma nauyi, sai kuma cinikin nawa kowace naira da ka zuba a kayan aiki take kawowa. Ka ce wa akanta ya ba ka rajistar kadarorin, kowanne da ranar saye da rasit da shekarun da ya ba shi, ka tafi da ita tare da balans shit ɗin.