Firintar 3D za ta iya yi wa gilashin kyamara gida mara nauyi?

Tambaya: Salam malam, ina haɗa ƙaramar kyamara ne da zan ɗora a jirgi mara matuƙi, to gidan ƙarfen da gilasan ke ciki ya yi nauyi, batir ba ya jimawa. Wani ya ce in buga na roba da firintar 3D, anya zai yi kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Zai yi, amma fa da sharaɗi. Abin da ya sa masu ƙera kyamarar tauraron ɗan adam suke son wannan hanya shi ne firintar tana ɗora abu ne shimfiɗa kan shimfiɗa, don haka za ka iya barin cikin bangon da ramuka kamar saƙar zuma, ƙarfi na nan nauyi ya ragu, injin sassaƙa ƙarfe kuwa ba zai iya shiga ciki ya yi maka haka ba. Su garin alminiyum ko titaniyum suke narkawa da leza, kai kuma roba ce a hannunka, nan ne matsalar take.

Zafi shi ne babban abokin gabarka. Robar PLA da kowa ke fara bugu da ita tana soma laushi tun wajen digiri 60, ka bar ta cikin mota da rana an gama, kuma ko ba ta yi laushi ba roba tana buɗewa da zafi fiye da gilashi nesa ba kusa ba, gilashin ya ɗan gusa kaɗan hoto ya dushe kai kana ta zargin sensa, wato ɓangaren kyamara da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto. Ni dai robar PETG ko ta ASA zan ce ka nema, ASA ta fi jure rana.

Sai mazaunin gilashin. Firintar gida shimfiɗarta 0.1 zuwa 0.2 na milimita ce, wannan bai isa daidaita gilashi ba, ko masu bugun ƙarfen ma sai sun mayar da wajen kan inji an goge. Ka buga gangar jikin, amma zoben da gilashi zai zauna ka sa na alminiyum.

Kar ka manta ka shafa baƙin fenti mara ƙyalli a ciki, wata baƙar robar haske na ratsa ta in bango ya yi siriri.