Amsa: Me ya haɗa Sarki Charles na ɗaya da majalisar Ingila?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko addini kaɗai ya jawo yaƙin basasar Ingila. Addini na ciki, amma kuɗi da iko ne kan gaba. Daga 1629 zuwa 1640 Charles na ɗaya ya yi mulki ba majalisa, yana karɓar harajin jiragen ruwa ba da yardarta ba. Sai da yaƙin Sikotland ya talauta shi ya kira ta.

Tura ta kai bango ranar 4 ga Janairu 1642: ya shiga zauren majalisar da kansa, dakaru a bakin ƙofa, zai kama wakilai 5. Ashe sun sulale ta kogi. A ganina ranar amana ta mutu. A Agusta yaƙi ya ɓarke, a 1649 aka fille masa kai.